An Kwance Igiya, Amma Turke Na Nan

Ina gaida 'yan'uwa mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Shagamu, har zuwa Fatakwal.

Wata gardama ce ta kaure a majalisarmu kwanan baya, ita ta sa na ɗauki alƙalami. Wani matashi a cikinmu ya ce shi a ganinsa duk ranar da gwamnatin soja ta saki shugabannin adawa daga ɗaurin talala, to magana ta ƙare, soja ya sauko. Na ce masa, yaro, ka taɓa kiwo kuwa? Ai talala doguwar igiya ce da ake ɗaure dabba da ita, ta yi kiwo iya tsawon igiyar. Mai ita yakan ƙara mata tsawo, yakan rage, wata rana ma ya kwance, amma turken na nan inda ya kafa shi.

Misalin da na ba shi na ƙasar Bama ne, wadda yanzu ake kira Myanmar. Mu ba baƙuwar ƙasa ba ce a kunnenmu, don mun taso mun tarar da tsofaffin da suka je Yaƙin Bama. A Yulin 1989 sojojin ƙasar suka tsare Aung San Suu Kyi a gidanta na Yangon. A 1990 aka yi zaɓe, jam'iyyarta NLD ta cinye kujeru 392, sojoji suka ce ba su san zance ba. Suka sake ta a 1995, suka mayar a 2000, suka sake ta a 2002, suka kuma mayar a 2003 bayan an kai wa ayarinta hari a Depayin. Ku ƙirga da kanku. Wannan saki ne ko wasa da igiya?

Sakin da duniya ta fi yi wa guɗa shi ne na 2010. A watan Fabrairu aka saki mataimakinta Tin Oo, tsohon babban hafsan soja da ya koma adawa, yana da shekara sama da tamanin. Ita kuma aka buɗe mata ƙofa ran 13 ga Nuwamba, bayan ta shafe kusan shekara 15 a tsare cikin shekara 21. To amma ku duba ranar. Ran 7 ga Nuwamba aka yi zaɓe, kwana shida kacal kafin nan, NLD ta ƙaurace, jam'iyyar USDP ta sojoji ta lashe. Yadda aka yi wa'adin ya dace da haka ma abin dariya ne: a 2009 wani Ba'amurke ya yi iyo ya tsallaka tafki ya shiga gidanta ba gayyata, sai aka ce ita ce ta karya sharaɗi, aka ƙara mata wata 18. Wato sai da aka gama rabon nama sannan aka ce bismilla.

Turken kuwa tun 2008 suka kafa shi a tsarin mulki. Kashi 25 cikin ɗari na kujerun majalisa na soja ne ba tare da zaɓe ba, gyaran tsarin kuma sai da fiye da kashi 75, ka ga ba ya yiwuwa sai da yardarsu. Ma'aikatun tsaro da cikin gida da kan iyaka nasu ne. Aka kuma saka cewa mai 'ya'ya 'yan wata ƙasa ba zai zama shugaba ba, kowa ya san don wa aka rubuta. Ta ci zaɓen 2015, ta sake cin na 2020, ran 1 ga Fabrairun 2021 Janar Min Aung Hlaing ya ja igiyarsa. Hukuncin da aka tara mata ya kai shekara 33, a 2023 aka rage zuwa 27.

Ina kai nan sai wani dattijo ya katse ni, ya ce shi ko a jikinsa, Allah ya ƙara. Na fahimce shi sarai. A 2017 Musulmin Rohingya fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash saboda kisan da sojoji ke yi, matar nan tana kan mulki ta yi gum. A Disambar 2019 ma da ƙafarta ta je kotun duniya a Hague ta kare ƙasarta a ƙarar da Gambiya ta shigar. Wallahi ni ma ta fita daga raina tun ranar. Amma na ce masa, Baba, waɗanda suka kama ta su ne suka ƙona ƙauyukan, kuma ba don Rohingya suka kama ta ba. In muka yi wa mai igiya tafi yau don ya ɗaure wanda ba ma so, da wane baki za mu yi magana gobe in ya ɗaure namu?

Ni dai ra'ayina, a riƙa matsa wa soja lamba ya saki wanda ya tsare, ko muna son mutumin ko ba ma so, kuma a yi da wuri. Sai dai kada a sauke lambar ranar sakin. Mu da muke zaune a nan mun fi kowa sanin dalilin gaggawar. Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997. Abacha ya mutu ran 8 ga Yunin 1998, Janar Abdulsalami ya saki Obasanjo cikin kwanaki, shekara ba ta cika ba mutumin ya zama shugaban ƙasa. Abiola kuwa, da ke tsare tun 1994, ana ta ja-in-ja kan sai ya haƙura da zaɓen 12 ga Yuni, har ya rasu a hannun hukuma ran 7 ga Yuli.

Ina Legas a lokacin. Ba mu muka soke zaɓe ba, ba mu muka tsare kowa ba, da yawa daga cikinmu ma Abiolan suka zaɓa, tunda har Kano ya ci. Amma da labari ya iso ba wanda ya tsaya tambayar wa ka jefa wa ƙuri'a. Da gudu muka rufe shago, na bar buhunan albasa a waje. Maƙwabciyarmu Bayarabiya ce ta ɓoye maiɗakina da yara a ɗakinta, ta ɗaura wa babbar 'yata zane irin nasu, ta ce kada wanda ya yi Hausa ko da an ƙwanƙwasa. Kwana uku suka yi a ɗakin nan.

Matashin ya ce shi a lokacin ba a haife shi ba. Na ce ya je ya tambayi mahaifiyarsa inda ta kwana a daren 7 ga Yulin 1998.