Darasi daga zuriyar Norway a Amurka: Girki ya tsira bayan harshe ya tafi

A ranar 4 ga Yulin 1825 wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Restauration ya tashi daga garin Stavanger na ƙasar Norway ɗauke da mutum 52, ya isa New York ranar 9 ga Oktoba. Wannan tafiya ce ta buɗe ƙofar ƙaurar da a cikin shekara ɗari ta kwashe kimanin mutum 800,000 daga Norway zuwa Amurka da Kanada. Idan aka auna da yawan jama'a, Ireland ce kaɗai a Turai ta fi ta asarar 'ya'yanta. A 2025 ƙasashen biyu suka yi bikin cika shekara 200 da tashin jirgin.

A yau jikoki da tattaɓa-kunnen waɗannan baƙi sun kai miliyoyi, musamman a jihohin Minnesota da Wisconsin da Iowa da Dakota ta Arewa. Akasarinsu ba sa jin yaren kakanninsu. Amma idan hunturu ya kama, za ka tarar da su a ɗakin girki suna murza wani burodi mai faɗi da ake kira lefse.

Da dafaffen dankalin Turawa ake yin sa, a kwaɓa da fulawa da man shanu, a murza shi ya yi siriri kamar takarda, a gasa a kan faffaɗan kasko, sannan a shafa masa man shanu da sukari a naɗe. Aiki ne da ba ya yiwuwa cikin gaggawa, kuma ya fi sauƙi da hannu da yawa. Kaka na murzawa, jika na juyawa da doguwar sanda, ana yi ana hira. A cikin wannan hirar ce yaro ke fara jin sunan ƙauyen da aka baro da dalilin barinsa.

Na biyu shi ne lutefisk, busasshen kifi da ake jiƙawa a ruwa kwanaki, a tsoma shi a ruwan toka mai kaifi har ya kumbura ya yi santsi, sannan a sake jiƙa shi a ruwan sanyi kwanaki kafin ya ciwu. Warinsa ya sa su kansu masu cin sa ke yi masa ba'a. Duk da haka majami'u a yankin na shirya liyafarsa duk shekara, kuma wani ƙaramin gari mai suna Madison a Minnesota na kiran kansa babban birnin wannan kifi.

Asalin kifin ba baƙo ba ne a kasuwanninmu. Shi ne wanda ake shanyawa ba gishiri a kan katakai a tsibiran Lofoten da ke arewacin Norway, daga watan Fabrairu zuwa farkon bazararsu. 'Yan ƙabilar Ibo na kiran sa okporoko, Yarabawa kuma panla. An yi ta shigo da shi a matsayin kayan agaji lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, kuma har gobe Najeriya na cikin manyan masu sayensa.

Abin lura shi ne, waɗannan girke-girke na talakawa ne. Mutanen da suka bar Norway da dama daga cikinsu manoma ne marasa gona da masunta, a ƙasar da duwatsu suka cinye mafi yawan fili. Dankali da busasshen kifi su ne maganin yunwa a dogon hunturu. Jikokin da suka wadata a Amurka ne suka mayar da abincin wahala abin alfahari, alhali a can Norway, wadda arzikin man fetur ya sauya tun shekarun 1970, cimar yau da kullum ta canja sosai.

Harshe bai yi wannan sa'ar ba. A da suna da majami'u da makarantu da jaridu a yarensu. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ƙyamar harsunan baƙi ta yi ƙarfi, har a 1918 gwamnan Iowa, William Harding, ya hana amfani da kowane harshe in ba Ingilishi ba a makarantu da wuraren ibada da bainar jama'a. Iyaye suka daina koya wa 'ya'ya. Jaridar Decorah-Posten, wadda aka kafa a 1874, ta rufe a 1972.

A ganinmu, a nan ne darasin yake. Girki na tayar da ƙishin sanin asali, amma ba ya iya kashe wannan ƙishi. Wanda ya ci lefse a gidan kakarsa, in ya tashi neman ainihin gonar da aka fito, takarda ce ke kai shi. Malaman majami'u a Norway sun shafe ɗaruruwan shekaru suna rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Akwai bayanan ƙidayar jama'a na 1801 da 1865 da 1900, waɗanda hukumar adana tarihi ta ƙasar ta ɗora a intanet kyauta. Akwai kuma littattafan da ake kira bygdebok, inda gundumomi da dama suka tattara tarihin kowace gona da waɗanda suka zauna a cikinta, zuriya bayan zuriya.

Ba don waɗannan ba, da neman ya gagara, domin tsarin sunayensu na da ya yi kama da namu. Ɗan Hans sai a kira shi Hansen, 'yarsa kuma Hansdatter, a ƙara da sunan gonar da mutum ke zaune, wanda kan canja idan ya tashi. Sai a 1923 doka ta wajabta wa kowane iyali sunan zuriya tsayayye.

Su ma na Amurka ba su bar wa tukunya aikin ita kaɗai ba. Tun 1877 aka fara tara kayan da suka zama gidan tarihi na Vesterheim a garin Decorah. A 1895 aka kafa ƙungiyar Sons of Norway a Minneapolis. Duk ranar 17 ga Mayu, ranar tunawa da kundin tsarin mulkin Norway na 1814, ana jerin gwano a garuruwa irin su Stoughton da Seattle cikin kayan gargajiya na bunad.

Hausawa sun san ƙaura fiye da a ba su labari. Daga zangunan Kumasi da Akara zuwa garuruwan Sudan da mahajjatan ƙasa suka yada zango, akwai gidajen da ake tuƙa tuwo a dama fura, amma matasa ba su san garin da kakansu ya fito ba. Mu ba mu da rajistar gona-gona irin ta Norway. Rajistarmu tana cikin kan tsofaffi, kuma kullum raguwa suke yi.

Don haka muke kira ga kowane mai wayar hannu da ya zauna da dattijan gidansu, ya naɗi muryarsu: sunayen iyaye da kakanni, garin asali, sana'ar gida, da yadda ake haɗa daddawa ko miyar da aka san gidan da ita. Jami'o'i da masarautu da hukumomin tarihi na jihohi kuma su tanadi inda za a adana irin waɗannan bayanai, yadda na nesa zai iya samu. Waiwaye adon tafiya ne, amma sai an bar wa mai waiwayen abin da zai gani.