Kada Mu Zaɓi Makaranta Da Kunne

Ƴan uwa fatake da dillalai, duk shekara idan damina ta ja baya, watan Oktoba ya ƙarato, hirar da ake yi a kara ba ta kuɗin bajimi kaɗai ba ce. Wanda ɗansa ya gama CM2 yana ta shawara: ya bar shi CEG na garinsu, ko ya aika shi Maraɗi ko Damagaram wurin ɗan uwa, ko kuwa ya ƙetara da shi Katsina ko Daura? Abin da ke ba ni mamaki, mutumin da ba ya sayen karsana sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya kora ta ya ga tafiyarta, shi ne zai miƙa ɗansa ga makaranta har shekara 4 don kawai wani ya ce masa "ai can ana ci."

To, mu tsaya kan wannan "ana ci." Idan sakamakon BEPC ya fito, kowace makaranta takan faɗi nawa suka zauna, nawa suka ci. Ba a faɗin nawa suka shiga ajin farko shekara 4 da suka wuce. A ce ka ba makiyayi shanu 100 ya kai maka Maigatari ranar Alhamis, ya iso da 30, dukansu kuwa ƙosassu. Za ka yaba masa? Ai tambayar sauran 70 za ka fara yi. Haka makaranta take. Yaron da bai samu maki 10 cikin 20 ba maimaita aji yake yi, in abin ya ci tura a sallame shi, kuma a ajin farko na CEG aka fi zubar da yara, don da yawa suna isowa Faransancinsu bai nuna ba. Makarantar da ta kori raunana tun da wuri dole sakamakonta ya yi kyau a takarda. Saboda haka ka tambayi darakta: nawa kuka ɗauka, nawa suka kai ajin ƙarshe? In ya fara kame-kame, ka sami amsarka.

Sai maganar kwanakin karatu, wadda a ganina ta fi fentin bango da girman ƙofa. Yawancin malamanmu ƴan kwantiragi ne, kuma an sha ganin albashi ya makara, yajin aiki ya biyo baya. A ƙauyuka malamin lissafi da na kimiyya su ne masu wuyar samu. Inda ajin zana ne, ba a kafa shi sai an yi girbi an sami kara, kuma ruwan farko ke tashinsa, ban da haɗarin gobara irin wadda ta ci yara fiye da 20 a Maraɗi cikin Nuwamba 2021. Gane wannan ba ya bukatar boko mai zurfi. Ka ari littafin rubutun wani yaro na makarantar, ka sa a karanta maka kwanan watan da ke kan kowane darasi. In ka ga daga Disamba an yi tsalle zuwa Fabrairu, ka san abin da ake ciki.

Masu son ƙetarawa Nijeriya suna da hujja, ban raina ta ba. Wanda zai gaji sana'ar nan ya bi tirela har Ikko, Turancin Ingilishi zai yi masa rana. Amma tsarin ba ɗaya ba ne. Nan shekara 4 ce a CEG, 3 a lise, sannan BAK. Can 3 ce a JSS, 3 a SSS, sannan WAEC ko NECO. Yaron da ya yi shekara 6 yana karatu da Faransanci, ka jefa shi ajin Ingilishi, bayan shekara biyu Naira ta motsa ko kun saɓa da mai masauki ka dawo da shi, ya tashi ba nan ba can. Kuma iyaka ba a hannunmu take ba. Nijeriya ta rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023 har Maris 2024. Mu da muka ga yadda shanu suka tsaya, mun san abin da kai wa yaro guzuri ya zama a lokacin. Wanda zai ƙetara, ya ƙetara da niyyar yaron ya ƙare can.

Mai masauki ma a auna shi kamar makarantar. Yaro nawa aka kai birni karatu ya koma ɗan aike da ɗebo ruwa? Ga ƴa mace kuwa abin ya fi tsanani. Sau da yawa CEG na kusa mai matsakaicin ƙarfi, inda uwa ke ganin shigar yaro da fitarsa, ya fi mai suna da ke nesa.

Matsalarmu ta musamman ita ce ba ma zama. Ranar taron iyaye muna Illela ko muna hanyar kurmi, kwamitin COGES ya yanke abin da zai yanke, mu dai a ce mu kawo kuɗi. Shawarata ga ƙungiya, kowane reshe ya zaɓi dattawa biyu cikin waɗanda suka ajiye tafiya, su riƙa halartar taron a madadinmu, su karɓo takardun sakamakon ƴaƴan membobi, su kawo bayani ranar kasuwa. Kuɗin mai da za a ba su bai kai la'adar sa guda ba. A sa maganar cikin taron wata mai zuwa, kafin a koma aji.