Raddi ga Masu Cewa Ƙiba Ce Garkuwar Ƙashin Tsoho

A Sabon Birni da Isa akan ji ana cewa tsoho mai jiki ba ya karaya, don haka gatan iyaye shi ne a tara musu ƙiba, a hana su motsi. Hujjojin masu wannan ra'ayi uku ne, kowace da ƙamshin gaskiya, amma hukuncin da aka ɗora a kansu bai inganta ba.

Ta farko, sun ce nauyi yana ƙarfafa ƙashi. Haka ne, tun 1892 likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana ginuwa gwargwadon lodin da yake ɗauka. Sai dai lodi mafi girma shi ne jan da tsoka ke yi masa lokacin tafiya, noma ko daka. Shi ya sa awon jikin tsofaffi ke nuna kaurin ƙashi ya fi bin yawan tsoka fiye da yawan kitse. Ta biyu, sun ce kitse yana samar da sinadarin istirojin, mai kare ƙashin mace bayan haila ta ɗauke. Wannan ma gaskiya ne, amma kitsen tumbi yana janyo ciwon sukari, mai sukari kuwa ƙashinsa kan karye ko da awo ya nuna kaurinsa bai ragu ba. Kitsen kuma yana riƙe bitamin D, wanda hanji ke buƙata don tsotsar kalsiyam.

Ta uku ce mafi ƙarfi: ramammen tsoho ya fi saurin karyewar ƙashin ƙugu. Babu musu. Amma me ya rasa da ya rame? Tsoka ce, wadda ke tare shi idan ya yi tuntuɓe. A ƙasar Gobir, inda Sabon Birni da Isa suke, dalilin ramewar a bayyane yake. 'Yan bindiga sun kore shanu, nono ya yi tsada; sun hana noma, wake ya yi ƙaranci; dattijon da ya saba da gona a bakin gulbin Rima ya koma zaman gudun hijira, wasu har jihar Maraɗi. Yunwa da zama ke cin ƙashinsa, kitse ba zai mayar da abin da suka ci ba.

Saboda haka mai son iyayensa ya nema musu fura da nono, wake, kifi, zogale da miyar kuka, ya bar su su taka zuwa masallaci da kasuwa. Wanda ya karye daga ƙaramar faɗuwa kuma a kai shi asibiti a bincika, domin ɗori kaɗai ba ya hana karaya ta biyu.