Ina za a ajiye siga biyu na laburare ɗaya?

A wani shagon kayan lantarki da ke Sabon Gari, manhajar lissafin kaya ta tsaya cak a ranar da wani matashi ya girka wata sabuwa ta hasashen ciniki. Duka biyun da Python aka rubuta su, kuma duka sun dogara da laburaren NumPy. Tsohuwar tana buƙatar siga ta 1, sabuwar tana neman ta 2, wadda ta fito a Yunin 2024. Da pip ya sauko da sabuwar siga sai ya kawar da tsohuwar, domin ba ya ajiye siga biyu a muhalli ɗaya. Mai shagon ya wuni bai san abin da ya rage masa a sito ba, yana tsine wa kwamfutar da ya saya a titin Beirut.

Kwamfutar lafiyarta ƙalau. Laifin na ɗabi'ar da ta zama ruwan dare a tsakanin masu rubuta manhaja ne, wato zuba kowane laburare a kundin babbar manhajar kwamfuta. Wannan kundi na apt ne, kuma kayan aikin tsarin kansu daga nan suke ɗauka. Shi ya sa tun 2023 Debian 12 da Ubuntu 23.04 suka hana pip taɓa shi, bisa ƙa'idar PEP 668. Sai matasanmu suka haddace laƙanin tsallake shingen: --break-system-packages. Umarnin da sunansa ya ce a karya kayan tsarin, shi ake mannawa a kwamfutar da mutum ke neman abinci da ita!

Na san hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Data tana da tsada, faifan tsohuwar kwamfuta ƙarami ne. Wa zai sauko da laburare ɗaya sau goma? Sai dai duk ɗan Kantin Kwari ya san amsar: sito ɗaya, kowane dila da lambarsa, kowane shago ya ɗauki wanda yake buƙata. Haka Nix yake yi, wanda Eelco Dolstra ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Utrecht a 2006. Kowace siga tana samun nata kundi a /nix/store, sunansa ya fara da lambar da aka lissafo daga duk abin da ya shiga gina ta, don haka ba mai take wata. Ga masu JavaScript, pnpm yana ajiye kowace siga sau ɗaya, ayyuka su yi nuni gare ta. Linux kansa ya daɗe yana zaunar da libssl.so.1.1 da libssl.so.3 kafaɗa da kafaɗa, domin lambar tana cikin sunan.

Matsalar mai shagon ma ba ta kai nan ba. Python yana da venv tun siga ta 3.3 a 2012, kuma pip yana adana abin da ya riga ya sauko, ba sai an sake ƙona data ba. Muhalli biyu matashin zai buɗe, aikin da bai kai minti biyar ba, amma ya karɓi kuɗinsa ya tafi.