Rinin da ke haska cutar daji a jikin yara

Tiyatar da ake yi ta 'yan ƙananan huji, inda likita ke zura kyamara da dogayen kayan aiki maimakon tsaga jiki, ta rage wa yara masu cutar daji raɗaɗi da doguwar jinya. To amma ta raba likitocin fiɗa da wani muhimmin abin aiki, wato yatsunsu. Idan an buɗe ƙirji, likita kan shafa huhu ya ji ƙullutun da ido bai gani ba. Ta huji kuwa babu wannan dama.

Wannan giɓi ne ake ƙoƙarin cikewa da wani koren rini mai suna ICG, wanda aka amince da amfani da shi a Amurka tun 1959. Ana yi wa yaro allurarsa ta jijiya kwana ɗaya ko fiye kafin tiyata. Lafiyayyar hanta kan fitar da shi daga jiki, amma ƙwayoyin cutar dajin hanta kan riƙe shi, ko da sun yaɗu zuwa huhu. Da an haska wurin da wani haske na musamman da idon ɗan Adam ba ya gani, sai ƙarin ya yi ƙyalli a allon kyamara.

Likitocin Japan ne suka yi fice a nan. A 2015, na asibitin yara na Kanagawa sun ba da rahoton gano ƙullutan da ba su kai milimita ɗaya ba.

Sai dai hasken ba ya ratsa tsoka fiye da kimanin santimita ɗaya, don haka ƙarin da ya yi zurfi kan ɓuya. Kazalika ba duk abin da ya yi ƙyalli ne cutar daji ba, lamarin da kan sa a yanke lafiyayyen nama, kuma wannan ba ƙaramar asara ba ce ga huhun ɗan shekara biyu. A dajin ƙoda ma abin juyawa yake yi: ƙodar ce ke ƙyalli, ƙarin ya yi duhu. Galibin rahotannin dai kan yara ƙalilan ne.

Akwai kuma batun kuɗi. Rinin ba shi da tsada sosai, kyamarar ce ke da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu cutar na warkewa a ƙasashe masu arziki, amma ƙasa da kashi 30 a ƙasashe matalauta da dama, inda akan kai yaro asibiti bayan ƙarin ya girma fiye da a cire shi ta huji.