Tukunya da kaye

In kun taɓa sauka tashar mota ta Madawa da yunwa, to kun san rumfar mai tuwo. Ga benci, ga buta, ga hayaƙi, ga mata sun duƙufa bisa tukwane tun da assalatu. Yau labarin ɗaya daga cikin rumfunan nan za ni ba ku, don akwai darasi cikinshi. Ra'ayina shi ne: daɗin miya kaɗai ba shi riƙe gidan abinci daga uwa zuwa ɗiya, daga ɗiya zuwa jika. Sai an gama da rubutu da lissahi.

Wadda ta fara rumfar, Inna muke ce mata, mu duka yaran unguwa. Da tukunya guda ta fara, tun ba a haihe ni ba. Ta zaɓi bakin babbar hanya, wadda ta taso daga Yamai, ta bi Ƙonni da Galmi da Madawa, ta wuce Maraɗi har Damagaram. Lokacin albasa, manyan motoci na tsayawa lodi, direbobi da kamasho da ƴan dako duk suna biɗar tuwo mai zahi. Ranar kasuwa kuma ga mutanen Buza da na ƙauyukan Tarka, ga masu tabarmi, ga masu bisashe. Kowa ya san miyar kukar Inna.

Rumfar nan ta sha wuya ba sau ɗaya ba. A 1984 ruwa ya ƙi, Nijeriya kuma ta ruhe iyaka, anka yi yunwar da tsohinmu ke kira El Buhari. Hatsi ya yi wuyar gani. Inna ta koma dafa abin da ta samu, ba ta kashe wuta ba. A shekarar nan ce anka fara babban aikin gyaran ƙasa na Keita, da taimakon Italiya, inda mata sunka yi ta ɗaukar duwatsu ana biyansu da cimaka. Motocin da ke hawa hanyar Buza da Keita sun ƙara mata baƙi. A watan Janairu na 1994 anka karya darajar sefa: tamma guda ta Faransa da ke tamma 50 ta koma 100. Wannan kam na gani da idona, ina saurayi. Shinkafa da mai da duk abin da ke zowa daga waje sunka hau. Inna ta rage girman malmala, ta riƙe mutanenta. Yunwar 2005 ma ta same ta bakin murhu.

To, abin da fari da tsada sunka kasa, rashin rubutu ya kusa yin shi cikin shekara guda. Inna ba ta taɓa riƙa alƙalami ba. Duk lissahinta cikin kanta yake. Ta san direban da ya ci na wata ukku bai biya ba. Ta san tiya nawa ta ɗauka wurin mai hatsi, da abin da ta ba mahauci, da zubin adashenta. Ranar da Allah ya karɓi abinshi, lissahin duka ya bi ta kushewa.

Bayan sadakar kwana 40, masu bin ta bashi sunka zo, kowa da bakinshi. Waɗanda take bi kuwa, ƙalilan ne masu tsoron Allah sunka kawo. Sauran sunka yi shiru, wasu ma sunka sake rumfar cin abinci don kunya. Ɗiyarta da ta gaji tukwanen ta iya tuwo kamar uwar, amma ba ta san mi ke shiga ba, ba ta san mi ke hita ba. Kuɗɗin ciniki da kuɗɗin cefanen gida duk cikin kwano guda. Ƙane ya zo ya ɗiba, mai gida ya ɗiba, biki ya taso a ɗiba. Ƴan uwa sunka fara zargin juna. Wata sahiya babu kuɗɗin itace, rumfar ta kwana biyu ruhe.

Jikar Inna ce ta zo ajinmu na yaƙi da jahilci. An hidda ta lakwal tun tana ƙarama don ta riƙa wankin kwanoni da talla. Ta ce mini: «Malam, ni ba wasiƙa nike so in koya ba. So nike in san inda kuɗɗinmu ke zuwa.» Munka fara da baƙaƙe da ƙidaya kamar kowa. Da hannunta ya faɗa, ta sayi kaye da bik. Munka raba kayen ukku: abin da ya shigo, abin da ya hita, da bashi. Kowane mai bashi da layinshi, da rana, da abin da ya ci.

Bari mu yi lissahin tare, kai ma ka gani. A ce mutum 10 ke cin na dala 60 kowace rana bashi. Dala 600 ke nan, wato jikka 3. A wata guda jikka 90. Wace mai tuwo ce za ta iya riƙe wannan cikin kai, tana tuƙi, tana zuba miya, tana ba da canji? Ko rabinshi anka manta, jarin ya tahi.

Na san abin da wani zai ce: «Malam, Inna ta yi shekaru tana ciniki ba ta san bihim ba, kuma da tsohuwar zuma ake magani.» Gaskiya ne, kuma ban raina ta ba. Kanta ya hi kayen mutane da yawa. Amma kai ba a gadonshi, kaye kuwa ana gado. Wani kuma zai ce rubuta sunan mutum don ya ci tuwo rashin kunya ne, bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, ai ban ce a hana bashi ba. Ɗan dakon da bai samu aiki ba yau, a ba shi ya ci. Amma a rubuta. Rubutu na kare mai bi, yana kare wanda ake bi, don ba wanda zai ƙara mishi abin da bai ci ba. Addininmu ma ya yi umurni a rubuta bashi. Mata Masu Dubara, da sunka faro a jihar Maraɗi a 1991, sun nuna muna cewa kuɗɗin da anka ƙidaya gaban shaidu ba su kawo faɗa.

An gwada kayen nan a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, anka ruhe iyakar Nijeriya, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Motoci sunka ragu, kaya sunka yi tsada. Jikar ta buɗe kayenta, ta ga shinkafa ba ta hidda kuɗɗinta, tuwon masara da dambu ke da riba. Ta rage tukunyar shinkafa. Ta bi masu tsohon bashi da lalama, da rana da adadi, da yawa sunka biya. Ta ware ma uwarta da kanta ladar aiki, saura ba mai taɓawa, na jari ne. Rumfar ba ta sake kwana ruhe ba.

Saboda haka, ke mai tuwo ta Madawa, ta Buza, ta Keita, ga roƙona. Ɗiyar da ke taya ki aiki, kar ki hidda ta lakwal. In an riga an hidda ta, turo ta aji, ke ma ki biyo ta. Awa biyu da marece ba su kashe ciniki. Kai kuma mai gida, da kai ɗan uwa, kwanon ciniki ba aljihunku ba ne. In kuna so, ku ranta, a rubuta. Kai da ke ci bashi, in ka ga an ɗauko bik, kar ranka shi ɓaci.

Abu guda ya rage. Na ce ma jikar ta bar shahi biyar a ƙarshen kayen, ta zamna da uwarta ta rubuta labarin Inna: inda ta fara, da shekarun wuya, da yadda take haɗa miyarta. Ta fara, har ta cika shahi biyu. Ku ma in akwai tsohuwa mai sana'a gidanku, ku tambaye ta tun tana da rai, ku rubuta, ku kawo aji mu karanta tare.

Allah shi jiƙan Inna, shi sa albarka ga abin da ta bari.