Tusar Jaki: Ina Iyakar Maganin Gida?

Lokacin da muke yara a unguwar Doubeli ta Jimeta, wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu kaushi guda uku sun fito wa ƙanena a yatsa. Kakarmu na gani ta ce tusar jaki ce. Da farko aka ɗiga musu nonon tumfafiya, daga baya aka ɗaure babbar da zare, sannan aka koma goga tafarnuwa. Bayan kusan shekara guda suka ɓace, kuma har ta koma ga Mahaliccinta babu mai raba ta da cewa tafarnuwa ce ta yi aiki. Na daɗe ina tare da ita a kan wannan, amma yanzu na sauya ra'ayi.

Mu ɗaliban harshe mun san suna kan ɓoye gaskiyar abu. Bahaushe ya jingina wannan cuta ga jaki, Bature kuma ya daɗe yana ɗora wa kwaɗo laifin. Amma babu ruwan jaki balle kwaɗo. Ƙwayar cuta ce da ake kira HPV, mai nau'i fiye da 100, wadda ke shiga ta ɗan tsagi ko ƙwarzane a fata. Ana ɗaukar ta ta hanyar cuɗanyar fata da fata, ko tarayya a reza, tawul da abin yanke farce.

Wani abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, a jikin yara, kusan biyu cikin uku na tusar jaki kan ɓace da kansu cikin shekara 2, saboda garkuwar jiki ta ci ƙarfin ƙwayar. To ashe duk maganin da aka shafa na ƙarshe shi ke kwashe yabo, ko da bai tsinana komai ba. Da kakarmu ta ƙare da man shanu, da yanzu man shanu muke yabo.

Ba ina cewa a yi watsi da abin da muka gada ba ne. Ai maganin da bincike ya fi tabbatar da amfaninsa ma a gida ake yin sa, wato sinadarin salisilik da ake samu a kantin magani. Ana jiƙa wurin da ruwan ɗumi, a goge matacciyar fata, a shafa kullum har zuwa mako 12. Abin da nake ƙi shi ne maganin da ya fi cutar illa. Nonon tumfafiya yana ƙona fata, idan kuma yaro ya murza ido da shi zai iya taɓa masa gani, ka ga garin gyaran gira an rasa ido. Ɗanyar tafarnuwa da aka ɗaure ta kwana kan sa fata ta yi bororo. Yanka da reza kuwa shuka ce, domin ƙwayar na bin wurin da aka tsaga. Ruwan batir da wasu ke ɗigawa ba ya barin komai sai tabo.

Za a iya cewa asibiti kuɗi ne da dogon layi, kuma gaskiya ne. Shi ya sa ban ce a kai kowace tusar jaki gaban likita ba. Ta hannu ko ta ƙafa da ba ta ciwo, haƙuri da tsafta sun isa: kada a ɓantare ta, kada a ci farce, kowa ya riƙe rezarsa. Amma wadda ta fito a fuska, ko take zubar da jini, ko take sauya launi, ko ta fito wa mai ciwon sukari a ƙafa, wannan ta wuce gida. Ga Asibitin Ƙwararru a Jimeta, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola.

Wadda ta fi damuna ita ce ta al'aura, wadda kunya ke sa maza da mata su yi ta shafe-shafe a ɓoye. Nau'i na 6 da na 11 ne suka fi haddasa ta. 'Yan uwansu na 16 da na 18 kuwa ba sa nuna alama da wuri, alhali su ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa, cutar da ta kashe mata wajen 8,000 a Nijeriya a shekarar 2020. Gano wannan alaƙa ne ya sa aka ba Bajamushe Harald zur Hausen kyautar Nobel a 2008. A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar riga-kafin waɗannan nau'o'i huɗu kyauta, kuma Adamawa na cikin jihohin farko. Allurar ba ta hana tusar jakin hannu, amma tana tare wadda ke kisa.

A nan ne aikinmu yake. Mu ne gobe za mu fassara saƙon lafiya a rediyo da makarantu. Idan muka iya bayyana wa iyayenmu da Hausa da Fulatanci cewa ƙwaya ce ba jaki ba, uwa za ta ajiye reza, ta kuma kai 'yarta riga-kafi. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.